Gishiri in ya narke a ruwa, yana nan a gishirinsa ko ya zama wani abu?

Malamin aji biyu

Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a aji biyu na ƙaramar sakandare, a wani ƙauye cikin jihar Jigawa. Ɗakin gwaji babu. Kayan aikina allo ne da alli, sai abin da na iya ɗaukowa daga madafin gidana. Wata ɗalibata ce ta yi mini tambaya ranar Talata, har yanzu ban samu amsar da ta kwanta mini a rai ba, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Darasinmu na makon nan a kan canji iri biyu ne. Wanda littafi ke kira fizikal nakan ce wa yara canjin kama, wato abu ya sauya siffa amma yana nan a yadda yake. Wanda ake kira kemikal kuma nakan ce musu canjin asali, wato an samu sabon abu wanda da babu shi. Ranar Litinin na je da ƙullin gishiri. Na zuba cokali biyu a rabin kofin ruwa, na juya har ya ɓace, na juye ruwan a baƙin tire mai faɗi, na sa wani yaro ya ɗora a kan katanga inda rana ke duka. Kun dai san zafin watan Maris a wajenmu. Washegari da muka sauko da tiren ruwa ya ƙafe ƙaf, sai farin ɓawo, a gefe-gefe kuma ga 'yan ƙwayoyi masu kusurwa kamar ƙananan dunƙulen magi. Yara suka lasa, suka ce gishiri ne. Na rubuta musu a allo cewa duk canjin da za a iya mayar da shi baya, na kama ne.

Daga nan sai na ƙara musu da abin da na tuna daga kwaleji. Na ce gishiri haɗin sodiyam ne da kulorin, kuma in ya shiga ruwa sai su rabu, kowa ya kama gabansa. A zangon da ya wuce kuwa na riga na faɗa musu sodiyam ƙarfe ne mai laushi da ake ajiyewa cikin kananzir, don in ya taɓa ruwa yakan yi tartsatsi har ya kama da wuta, kulorin kuma iska ce mai guba. Sai wata yarinya a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in sun rabu a cikin ruwa, me ya hana miyarmu kamawa da wuta, kuma me ya hana ta yi mana illa? In kuma da gaske sun rabu, ai ba gishiri ba ne kuma, an samu sababbin abubuwa biyu ke nan."

Na ce mata tambayarta mai kyau ce, zan kawo mata amsa ranar Litinin. Ba na so in rufe mata baki da "haka littafi ya ce", domin yaro in aka yi masa haka sau ɗaya ba ya ƙara tambaya. Don Allah masu ilimin abin, narkewar gishiri a ruwa wane iri ne a cikin biyun, kuma yaya zan bayyana wa 'yar shekara 13 ta gamsu?

Tsohon malamin kemistiri

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ba ka kashe wa yarinyar nan gwiwa ba. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da wannan darasi kafin in ajiye aiki, kuma waɗanda suka yi mini irin tambayar nan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ka faɗa mata ba ita ta fara ba. A 1884 wani ɗalibi ɗan ƙasar Suwidin mai suna Svante Arrhenius ya gabatar da kundin digirinsa na uku a jami'ar Uppsala, a ciki ya nuna cewa gishiri da danginsa suna rarrabuwa a cikin ruwa. Malamansa ba su gamsu ba, da ƙyar ya tsallake. Masana da yawa na wancan zamani abin da ya tsaya musu a wuya shi ne dai abin da ya tsaya wa ɗalibarka: ta yaya sodiyam zai yi ta yawo cikin ruwa lafiya lau? A 1903 kuwa saboda wannan aikin aka ba shi kyautar Nobel.

Inda ƙullin yake shi ne sodiyam ɗin da ke cikin gishiri ba shi ne ƙarfen da ke cikin kananzir ba. Sunan ne ɗaya. Ƙwayar zarrar sodiyam tana da ilektiron guda, wato ɗan mitsitsin abu mai cajin lantarki, a can waje wanda ba ta riƙe shi da ƙarfi, kulorin kuma guda ɗaya take nema ta cike gurbi. Duk tartsatsin da sodiyam ke yi a ruwa, wajen rabuwa da wannan guda ɗayan ne. To wanda ke cikin gishiri ya riga ya ba da nasa, kulorin ta riga ta karɓa, ciniki ya faɗa tun tuni. Ka tambayi yaran ko sun taɓa ganin toka ta sake cin wuta. Itace ne ke ci, toka kuwa ta gama nata. Ƙwayar da ta ba da ilektiron ko ta karɓa, har ta ɗauki caji, ita ake kira ayon. Canjin asalin ya faru ne ranar da sodiyam da kulorin suka zama ayon, ba ranar da uwargida ta barbaɗa gishiri a miya ba.

Sannan ga abin da yawancin littattafanmu ba sa fitarwa fili. Ko a busasshen gishirin da ke cikin leda, ayon ne zalla. A 1913 Lawrence Bragg a Ingila ya haska gishiri da hasken eksire ya gano yadda suke a jere: kowane sodiyam kulorin shida ne kewaye da shi, kowace kulorin ma sodiyam shida, sahu bisa sahu. Wannan jerin ne ya ba ka ƙwayoyi masu kusurwa da ka gani a tirenka. Aikin ruwa kawai ya shiga tsakani ya wargaza jerin. Ni misalin da nakan ba ɗalibaina shi ne masallacin Juma'a. Ana cikin salla kowa na sahu, kafaɗa da kafaɗa. Da an sallame sai jama'a su watsu cikin gari. Ba wanda ya zama wani mutum dabam don ya fita daga sahu, kuma wata Juma'ar su ne dai za su dawo su jeru. Don haka amsata: canjin kama ne.

Akwai kuma wani tarko da harshenmu ke ɗana wa yara, ka kula da shi. Kalma ɗaya muke da ita, narkewa, alhali abubuwa biyu ne. Magabata ma sun raba su a karin magana: gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Man kaɗe zafi ne ke narkar da shi, shi kaɗansa ya zama ruwa-ruwa ba tare da an haɗa shi da komai ba. Gishiri kuwa rana ba ta yi masa komai, sai ruwa ya shige shi. In kana son gishiri ya narke irin narkewar man kaɗe, sai ka kai shi zafin digiri 801 a ma'aunin salshiyos, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Duka biyun canjin kama ne, amma hanyarsu ba ɗaya ba ce, kuma yaron da bai raba su da Hausa ba zai cakuɗa su a jarrabawa.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka ji nauyin yinsa a gaban yara: ka goge dokar nan da ka rubuta a allo. Masarar da aka kai inji aka niƙa ba mai mayar da ita tsaba, amma garin masara ne dai, canjin kama. Batirin mota kuwa in ya yi sanyi aka yi masa caji yakan dawo, alhali abin da ke gudana a cikinsa canjin asali ne tsantsa. Mayarwa baya alama ce mai taimako, ba hukunci ba. Tambayar da za su riƙe ita ce: akwai wani abu a nan yanzu wanda da babu shi?

Ɗalibin jami'a

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na ƙaru sosai, amma ina neman izini in ɗan ja da ku a wuri ɗaya. Ina aji uku ne a sashen kemistiri, kuma ni a ganina yarinyar ta fi kusa da gaskiya fiye da yadda aka nuna.

A ɗauki batir da waya da ɗan ƙaramin ƙwan tocila, a tsoma bakin wayoyin biyu a busasshen gishiri, ƙwai ba zai kama ba. A tsoma a tataccen ruwa, ba zai kama ba. A haɗa gishirin da ruwan, sai lantarki ya wuce. Ga hali sabo ya bayyana wanda babu shi a ɗayansu. Kuma ayon ɗin ba haka kawai suke watsuwa kamar masu fitowa daga masallaci ba. Kowane ɗaya ƙwayoyin ruwa ne ke yi masa rumfa su riƙe shi, da yake ruwa haɗin oksijin ne da haidirojin, ɓangaren oksijin ya fuskanci sodiyam, ɓangaren haidirojin ya fuskanci kulorin. An tsinka wani ɗauri, an ƙulla wani. Har zafin ruwan yakan ɗan sauka kaɗan in aka narkar da gishiri mai yawa. Saboda haka ne ake samun masana da ke cewa narkewar gishiri tana kan iyaka ne, ba kamar ta sukari ba, wanda ƙwayoyinsa ke shiga ruwa a dunƙulensu. Layin da ke tsakanin fizikal da kemikal mutane ne suka ja shi don sauƙin koyarwa.

Amma Malam, in ya zo a WAEC ko NECO, su rubuta fizikal. Wannan ba ja a ciki.

In kana son su ga canjin asali na gishiri da idonsu, ba sai da ɗakin gwaji ba. Ka feƙe fensir biyu gaba da baya, ka haɗa kowanne da ɗaya daga cikin bakin nan biyu na batir mai bolt 9, ka tsoma ɗaya bakin nasu a ruwan da ya sha gishiri sosai. Kumfa za ta taso a duka biyun. Ta wajen mai alamar ragewa haidirojin ce, daga ruwan take fitowa. Ta wajen mai alamar tarawa kuma za ka ji warin bilic, kulorin ke nan ta mayar da ilektiron ɗin da ta karɓa ta koma iska. A waje za ka yi, minti biyu ko uku ya isa, kuma kada yaro ya kai hancinsa bakin kofin.

Tsohon malamin kemistiri

Madalla da kai, ɗana, haka ake so. Maganarka ta rumfar da ruwa ke yi wa ayon gaskiya ce, kuma na yarda misalin masallaci bai ɗauko wannan ba. Sai dai hujjar ƙwan tocila ba ta tsaya maka ba. Gishirin da wuta ta narkar, wanda ko ɗigon ruwa babu a cikinsa, shi ma lantarki na ratsa shi. Ta haka ma masana'antu ke fitar da ƙarfen sodiyam. Ashe ba sabon abu ne ya kawo halin ba, cajin yana nan tun farko, sakin da aka yi wa ayon su yi tafiya ne ya bayyana shi. Cewa abin na kan iyaka, a ajinku na jami'a ku tattauna, ya dace. 'Yar aji biyu kuwa a fara kafa mata cewa sodiyam ɗin miya ba ƙarfe ba ne. In wannan ya zauna, sauran za su zo a kan lokacinsu.

Mai sabulu

Salamu alaikum malamai. Ni karatuna bai yi nisa ba, sana'ata sabulu, amma maganar gishiri ta taɓa ni. Iyayena mutanen wajen Gaya ne a Nijar, kuma kakata gishirin Foga ta yi har ƙarfinta ya ƙare. Da rani ake kankaro ƙasar da ta yi fari-fari a kwarin Foga, a zuba a abin tata, a kwarara ruwa a kai. Ruwan ya wanke gishirin ya tsiyaye ƙasa, ƙasar ta tsaya a sama. Sai a ɗora ruwan a wuta a yi ta dafawa har ya ƙone, gishiri ya kwanta. Itacen da aikin ke ci ba kaɗan ba ne. Kakata ba ta taɓa cewa ta ƙirƙiri gishiri ba, cewa take ta fitar da shi, don yana cikin ƙasar tun asali. Mutanen Bilma, can cikin hamadar Nijar, su ko wuta ba sa hurawa, rana ce ke shanye musu ruwan a ramuka, su kwashe, su yi kantu, raƙuma su ɗauko. Abin da Malam ya yi a tire shi ne wannan, ƙarami ne kawai. Ka ba yaran labarin, wataƙila a cikinsu akwai wanda ake ajiye wa dabbobin gidansu kantu suna lasa.

In kuma sabon abu kake so su gani, ka je da kanwa da ruwan tsamiya. Kowace yarinya a ajinka ta san in suka haɗu kumfa ke tashi, tsamin kuma ya mutu. Ka zuba gishiri a ruwan tsamiyar a wani kofi, za su ga ba abin da ya motsa, tsami na nan, gishiri na nan. Haka zoɓo, da ka jefa masa kanwa jan ya tafi ya yi duhu, gishiri kuwa ba ya taɓa launinsa.

Ni ma ina da tambaya. Sodar da muke sabulu da ita, in na zuba ta a ruwa sai robar ta yi zafin da ba ka iya riƙewa, ta taɓa ƙona ni a hannu har yau da tabo. Ita ma narkewa ce kamar ta gishiri, ko wani abu ne dabam?

Ɗalibin jami'a

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Sodarku ɗiyar gishiri ce. A masana'anta ruwan gishiri ake ratsawa da lantarki, irin gwajin fensir ɗin nan amma babba, a samu abu uku: kulorin, haidirojin, da soda. Narkewarta a ruwa irin ta gishiri ce, ayon ne ke watsuwa, sai dai ita rumfar da ruwa ke yi wa ayon ɗinta tana sakin zafi mai yawa. Wannan ma ya nuna zafi kaɗai ba ya yanke hukunci. Inda canjin asali yake a sana'arku shi ne lokacin da ruwan soda ya haɗu da mai. Abin da ya fito ba mai ba ne, ba soda ba ce, kuma ko shekara za ki shanya shi a rana man ba zai dawo ba. Ki riƙa zuba sodar a cikin ruwa a hankali, ba ruwa a kan soda ba, da safar hannu.

Malamin aji biyu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya Litinin na shiga ajin, ga yadda muka yi.

Da farko na goge dokar da na rubuta, na ce musu ni na yi kuskure, na kawo misalin garin masara. Sai na rubuta karin maganar gishiri da man kaɗe. Rabin ajin sun san ta, amma ba wanda ya taɓa lura narkewa biyu ce a ciki. Mun daɗe a nan fiye da yadda na tsara, kuma ban yi da-na-sani ba.

Sannan muka fita gindin darbejiya da kurfoti. Na ɗora cokali biyu a kan garwashi, ɗaya da sukari, ɗaya da gishiri. Sukarin ya narke, ya yi ja, ya yi baƙi, ya tashi hayaƙi mai ƙauri. Gishirin sai ƙara yake yi tas-tas, wasu ƙwayoyin na tsalle, da ya huce kuma fari ne, ɗanɗanonsa bai sauya ba. Kanwa da tsamiyar Hajiya kuwa 'yan matan ne suka karɓe gwajin daga hannuna, su suka yi wa maza bayani.

Na fensir shi na bari ƙarshe. Na cika ruwan da gishiri har ya ƙi shan ƙari, sauran ya kwanta a ƙasan kofi. Na duba, ruwa mililita 100 gishiri kamar giram 36 yake iya ɗauka, wato ledar fiyawata ɗaya kusan giram 180. Da na haɗa batir kumfa ta fara fita, ta wajen ragewa ta fi yawa. Na ɗiga ruwan zoɓo kusa da kowane fensir. A gefen ragewa ya yi duhu kamar an sa masa kanwa, a gefen tarawa kuma jan ya kwashe ya dusashe. Warin bilic ya ɗan bugo mu, na cire wayar. Na hana kowa lasar wannan ruwan, na zubar da shi da kaina.

Na juya wajen yarinyar na ce mata, kulorin ɗin da kika tambaya ga ta nan, sai da muka sa batir ya ƙwace mata ilektiron kafin ta fito, a miya kuwa ba mai ƙwace mata. Ta yi shiru tana kallon kofin, can ta ce ta gane maganar toka. Sai ta ƙara da cewa, "To Malam, kulorin ta fito mun ji warinta. Sodiyam ɗin fa, me ya sa shi bai fito a ɗaya fensirin ba?"

Na ce mata yana cikin ruwan, shi ne ya zama sodar da ta sauya launin zoɓo, kumfar wancan gefen kuma daga ruwa ta fito. Ta rubuta, amma na ga alamar tana son sanin dalilin da ya sa lantarkin ya zaɓi ruwa ya bar sodiyam. Baba, in da hali a taimaka mini da misalin da zai shiga kan 'yan aji biyu, darasinmu na gaba ranar Alhamis ne.